Yadda Ake Rubuta Labarin Tsoro da Bakin Wanda Ba a Amince da Maganarsa Ba

Tun ranar da na karanta wani gajeren labari a zaman marubuta da muke yi nan Bauchi, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, a baki da kuma ta waya: ta yaya ake rubuta labarin da babu dodo a cikinsa, babu fatalwa, babu jini, amma mai karatu ya gama shi ya tashi ya sake duba sakatar ƙofarsa? Yawancin masu tambayar sun riga sun gwada, sun kuma turo mini abin da suka rubuta. Kusan dukansu wuri ɗaya suke tuntuɓe: ko dai su tona asirin mai ba da labarin tun a shafin farko, ko su rufe komai ruf har ƙarshe sannan su ce ashe mafarki ne.

Irin wannan labari yana rayuwa ne a tazarar da ke tsakanin abin da mai ba da shi yake faɗi da abin da mai karatu yake tsinkaya da kansa. Wannan tazara auna ta ake yi, kamar yadda magini yake ja igiya kafin ya aza tubali. Ga matakan bi da bi, kuma zan riƙe misali ɗaya da na ƙaga tun daga farko har ƙarshe, domin a ga yadda kowane mataki yake hawa kan na bayansa.

1. Tanadi kayan aiki

Ka sayi littattafan rubutu biyu irin na 'yan makaranta, masu warƙa 60 ko 80, da biro kala biyu, da kalanda. Littafi na farko na gaskiyar abin da ya faru ne, na biyu kuma na abin da mai ba da labari zai faɗa. Raba su shi ne ginshiƙin aikin, kuma na fi son a yi shi a takarda, domin mutum ya iya shimfiɗa su gefe da gefe a kan tabarma yana kwatantawa.

A waya kuma ka saka allon rubutu mai haruffan Hausa. Gboard yana da su: ɓ, ɗ da ƙ. Labarin da ya dogara ga bambance ƙarya da gaskiya bai kamata ya kasa bambance "ƙarya" da "karya" ba. Ka riƙa rubutu a Google Docs ko WPS, kana ajiye kwafi a wuri na biyu, saboda waya tana ɓata, tana kuma faɗawa ruwa.

Littattafai da biro ba za su ci maka wani abin kirki ba. Inda kuɗi yake tafiya shi ne data, da caji a kwanakin da babu wuta, da ladan mai gyaran rubutu, da na mai zana bango idan za ka sayar. In aljihunka zai ɗauki ɗaya ne kawai daga cikin biyun ƙarshe, ka biya mai gyara.

Gargaɗi: kada ka fara da dogon littafi. Ka tsaya tsakanin kalma 3,000 zuwa 5,000 a karon farko. Riƙe ƙarya ɗaya ba tare da ta warware ba a shafi goma ma aiki ne.

2. Rubuta gaskiyar lamarin tukuna

Kafin ka rubuta jimla ɗaya ta labarin, ka cika littafin farko da abin da ya faru a zahiri, kwana bayan kwana, cikin magana busasshiya kamar rahoton ɗan sanda. Mai karatu yana iya ƙarewa cikin shakka, amma kai marubuci ba ka da wannan damar. Duk labarin da marubucinsa bai san gaskiyarsa ba, warinsa yana fitowa tun daga tsakiya, domin alamomin da ya watsa ba za su nuna waje ɗaya ba.

Ga gaskiyar misalinmu. Mace ce mai shekara 29 a wani tsohon gida cikin garin Bauchi. Mijinta, ɗan kasuwa a Kasuwar Muda Lawal, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Jos. Daren da zai yi tafiyar sun yi cacar baki, ta ƙi zuba masa abinci, da asuba ya fita bai karya ba. Ta shiga takaba, goggon mijin ta zo taya ta zama. Daga kwana na takwas, bayan 'yan zaman makoki sun watse, takan tashi tsakar dare ta zuba tuwo a langarsa, ta kai ɗakinsa, ta zauna ta cinye, ta wanke langar ta kife, da safe kuma ba ta tuna komai. Abin da take gani kawai shi ne langa a jiƙe. Sai ta yanke cewa dangin miji ne suke yi mata haka don a ce ta taɓu, a danne mata tumuninta, a kuma raba ta da 'yarta.

Akwai abu ɗaya da dole ka ƙara a wannan littafi, wato ƙwayar gaskiya a cikin zargin. A misalinmu, wan mijin ya ɗauke takardun gidan da gaske, bai kuma gaya mata ba. Ruwa ba ya tsami banza. Idan duk zarginta ƙage ne, mai karatu zai yar da ita tun da wuri, ya koma kallonta daga nesa. Idan kuwa kashi ɗaya cikin biyar gaskiya ne, zai ci gaba da tambayar kansa ko sauran huɗun ma haka suke.

3. Yanke dalilin da ya sa bakinsa ba abin dogaro ba ne

Iri huɗu na fi gani. Akwai mai shirya ƙarya da gangan don ya wanke kansa. Akwai mai yaudarar kansa saboda akwai abin da zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba. Akwai wanda ciwo, ko ƙwaya, ko rashin barci ya jirkita masa gani da ji. Akwai kuma wanda bai fahimci abin da yake gani ba, kamar ƙaramin yaro. Ka zaɓi ɗaya ya zama uwa, in ka so ka jingina masa na biyu. Matar misalinmu mai yaudarar kai ce, rashin barci kuma yana taya ta. Haɗa huɗun a mutum ɗaya yana mai da labari kwamacala.

Daga nan sai ka amsa tambayar da mafi yawan masu farawa suke tsallakewa: wa yake gaya wa labarin, kuma me yake nema a wurinsa? Mutum ba ya magana da iska. Tamu tana tura wa wanta da ke Gombe saƙon murya ne ta WhatsApp kowace asuba, tana neman ya zama shaidarta. Wannan zaɓi kaɗai ya ba ka abubuwa da yawa: dalilin rantse-rantsenta, dalilin da ya sa take ɓoye wasu abubuwa don kunyar yaya, da kuma shirun da zai fara yi mata, wanda ita za ta fassara da cewa shi ma an saye shi.

4. Bincika ciwon kafin ka taɓa shi

A nan nake so a dakata sosai, domin abin da muke rubutawa yana da masu shi. A kowace unguwa akwai gidan da ake jinyar wani a ɗakin baya, kuma 'yan gidan suna cikin masu karatunmu.

Ga kaɗan daga abin da ya kamata marubuci ya sani. Ciwon da likitoci suke kira sikizofiriniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yana samun kusan mutum 1 cikin 300, ba rabuwar mutum gida biyu ba ne kamar yadda ake yawan rubutawa. Alamominsa sun haɗa da jin muryoyin da babu mai yin su, da kafewa a kan zargin da hujja ba ta kawar da shi, da janyewa daga mutane, kuma ya fi farawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu. Jiye-jiye sun fi gane-gane yawa a cikinsa. Akwai rikicewar da ke samun mai jego, mace 1 ko 2 cikin kowace haihuwa 1,000, galibi a makonni biyun farko. Zazzaɓi mai zafi yana sa sambatu. Wiwi da tiramadol suna iya kai mutum ga mummunan zargi. Hayaƙin janareta a rufaffen wuri yana kawo ciwon kai da ruɗewa, yana kuma kisa. Wanda ya jera kwanaki ba barci yakan fara ganin motsi a gefen ido. Sannan wanda aka yi wa rasuwa yakan ji kamar muryar mamacin ko takunsa a makonnin farko, kuma wannan shi kaɗai ba ciwo ba ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tafiyarsa, sai ka zaɓi wanda ya dace da littafin gaskiyarka, ka bi tafiyar tasa da aminci.

Hanyar bincike mafi sauƙi ita ce ka nemi ma'aikacin jinya ko likitan da ke aiki a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ka roƙe shi mintuna talatin bayan ya tashi daga aiki. Ka je da tambayoyinka a rubuce: me dangi suka fi fara lura da shi, yaya maganar majinyaci take sauyawa, me yake faruwa idan aka yi masa gardama.

Gargaɗi: kada ka shiga ɗakin majinyata don kallo, kada kuma ka nemi labarin wani majinyaci da sunansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da sirrin waɗannan bayin Allah, kuma tun kafin doka addini ya hana tonon asiri. Haka nan kada ka ɗauko labarin maƙwabciyarka ka sauya suna kawai. Garinmu ƙarami ne, za a gane ta.

Gargaɗi na biyu: ka guji mai da marar lafiya makashi don kawai ka tsorata mutane. A zahiri masu wannan lalura sun fi zama waɗanda ake cuta a kan su zama masu cutarwa, kuma labarin da ya fi shiga jiki shi ne wanda mai karatu yake jin tsoro da tausayi a lokaci guda.

5. Ƙuntata wuri da lokaci

Zargi yana son ƙunci. Ka ba labarin gida ɗaya, mutane uku ko huɗu, da wa'adin da ake ƙirgawa. Dalilin da ya sa na zaɓi takaba ke nan: wata huɗu da kwana goma, mace tana gidan mijinta, ba kwalli, ba turare, ba fita sai da lalura. Al'ada ma ta riga ta kafa maka turaku, wato sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Gida yana cika, ya ragu, ya koma shiru. In ka sa rasuwar a watan Oktoba, tsakiyar takabar za ta faɗa cikin hunturu, lokacin da hazo yake rufe duwatsun da suka kewaye Bauchi, ƙofofin katako su bushe su fara ƙara da kansu, ƙura kuma ta riƙa kwanciya a kan komai tana nuna abin da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba.

Ka zana taswirar gidan a littafin farko: zaure, tsakar gida, ɗakin miji, ɗakinta, madafi, rijiya, inda randa take. Ka san ƙofar da ke da kwaɗo da wadda ke da sakata, da wanda yake riƙe da kowane makulli. Sannan ka jera sautukan dare da na asuba na wannan unguwa: kukan gyare, busar mai gadi, kiran assalatu, ƙarar tanda da ƙamshin masa daga gidan maƙwabta. Da waɗannan mai karatu zai riƙa gane ƙarfe nawa ne ko da mai labari ta ruɗe.

Kuskuren da na fi cin karo da shi a nan shi ne aro gidan da babu shi a ƙasarmu, mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da matakalar katako. Tsakar gidan da mai karatu ya girma a cikinta ta fi kowane baƙon gini ban tsoro idan aka ɗan karkata ta.

6. Gina matakalar zargi

Zargi ba ya faɗowa gaba ɗaya. Ka rubuta hawa biyar ko shida a littafi na biyu, kowane hawa da kwanansa a kalanda, kuma kowanne ya fi na bayansa da taki ɗaya tak.

A misalinmu, hawa na farko abu ne da kowa zai iya gani ya wuce: langa a jiƙe. Na biyu, abin ya maimaitu, ta fara ƙirga kwanuka da cokula kafin ta kwanta. Na uku, ta sami wanda za ta ɗora wa, wato Goggo. Na huɗu, ta gano batun takardun gida, biri ya yi kama da mutum. Na biyar, da'irar ta faɗaɗa ta haɗiye maƙwabciya, da almajirin gidan, da wanta na Gombe. Na shida, ta kai ga 'yar cikinta, kuma a nan ne zuciyar mai karatu take tsinkewa, saboda ya san yarinyar tana kwana ɗaki ɗaya da ita.

Dokar wannan mataki ita ce kowane alheri da aka yi mata ya zama sabuwar hujja a wurinta. Goggo ta ce, "'Yar nan, ki kwanta ki huta, dare ya yi." Magana ce ta uwa, kuma haka mai karatu zai ji ta. Ita kuwa sai ta tambayi wanta, "Yaya, me ya sa take so in yi barci?" Ka rubuta maganar sauran mutane yadda mai hankali da tausayi zai faɗe ta, kada ka sa musu murmushin mugunta ko harara don ka taimaki zargin. Fassarar ce take da ciwo.

Gargaɗi: ka bar kwana ɗaya ko biyu na sauƙi a tsakiya, ranar da ta yi barci, ta yi wa 'yarta kitso, ta kusa neman gafarar Goggo. Labarin da yake hawa ba numfashi yana gajiyar da mai karatu har ya daina jin komai.

7. Dasa ɓaraka a cikin maganarsa

Wannan shi ne zuciyar sana'ar. Yanzu ka buɗe littattafan biyu tare. A kowane fage ka duba abin da ya faru a zahiri, ka duba abin da za ta faɗa, sannan ka zaɓi abu ɗaya ko biyu na gaskiya da za su zubo daga bakinta ba tare da ta lura ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma aikinka shi ne ka bar mai karatu ya hango ƙarshen ramin kafin mai haƙa shi. Ga yadda saƙonta na kwana na 23 zai iya kasancewa:

"Yaya, yau ma na tarar da langar a jiƙe. Wallahi tun ranar bakwai ban taɓa ta ba. Goggo ta ce wai raɓa ce. Raɓa a cikin ɗaki, ɗakin ma a kulle? Makullin a bakin zanina nake ɗaure shi, ko barci nake yana jikina, ka ga ke nan sun yanka wani. Ni abinci ma ya fita raina, kwana uku rabona da sa wani abu a baki, amma ikon Allah ko yunwa ba na ji. Ɗazu yarinyar nan take ce mini, 'Umma, hannunki warin daddawa yake.' Ka ji, Yaya, har sun fara koya mata magana."

Ɓaraka uku ce a nan. Makulli ɗaya ne, kuma yana jikinta. Ta kwana uku ba ci amma ba yunwa. Hannunta yana warin miya. Ba a ɓoye ko ɗaya ba, ita da kanta ta kawo su, ta kawo su ne ma a matsayin hujjarta. Abin da ake nema ke nan: kowace alama ta iya ɗaukar fassara biyu, tata da ta mai karatu.

Akwai wasu hanyoyin. Lissafinta ya riƙa saɓawa: ta ce cokula goma sha biyu ne a shafi na 3, ta ce goma sha ɗaya ne tun asali a shafi na 9. Ta ba da labarin daren ƙarshe da mijinta sau uku, kowane karo wani abu ya sauya: da farko ya ci ya ƙoshi, daga baya ya ce ba ya jin yunwa, a ƙarshe ta tsallake batun abincin gaba ɗaya. Ta riƙa kare kanta daga laifin da babu wanda ya ɗora mata, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Muryarta ma ta riƙa sauyawa: a farkon takaba tana gaisuwa cikakkiya, tana tambayar iyali da aiki, jimlolinta a tsare, zuwa arba'in gaisuwar ta gajarce, rantsuwa ta yawaita, tana yanke magana a tsakiya don ta saurari wani motsi.

Gargaɗi: kada ka taɓa sa ta ce "ko dai na haukace ne?" a shafukan farko, kada kuma ka cika rubutun da alamar motsin rai da manyan baƙaƙe. Wanda zargi ya kama yana magana ne cikin natsuwa da jera hujjoji, kuma wannan natsuwar ce take tayar da tsikar jiki. Ka yi wa kowace ɓaraka alama da jan biro a daftarinka. In sun wuce biyu ko uku a shafi ɗaya, ka rage.

8. Bar bakin dangi ya rabu

A gidan Bahaushe ba a barin irin wannan lamari ba fassara. Goggo za ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Maƙwabciya za ta rage murya ta ce sammu ne. Wani ƙane da ya yi boko zai ce a kai ta asibiti. Wani kuma zai ce makirci ne kawai na mata. Ka bar dukansu su yi magana, kowa da gaskiyar zuciyarsa, domin wannan rarrabuwa dukiya ce da labarinmu yake da ita: tana ba mai karatu ƙofofi huɗu, ya rasa wadda zai bi.

Gargaɗi: kada ka yi wa imanin kowa ba'a, kada kuma ka kawo aya ko addu'a sai ka tabbatar da lafazinta a wurin malami. Sannan kada ka bar aljani ya bayyana a fili ya yi jawabi. Da zarar ya fito, ka koma wani nau'in labari daban, duk ɓarakar da ka dasa kuma ta tashi a banza.

9. Rufe labarin

Ƙarshe mai kyau yana fitowa ne daga abin da aka riga aka dasa, ba ya zuwa da sabon mutum ko sabon sirri. Zaɓi uku ne a gabanka: mai labari ya gane gaskiya, ko mai karatu ya gane shi kuwa bai gane ba, ko a bar abu ɗaya tak da littafin gaskiya bai bayyana wa kowa ba. Na fi karkata ga na biyu, saboda shi ne yake barin mai karatu da nauyin sani shi kaɗai.

A misalinmu, dare ɗaya kafin fitar takaba ta barbaɗa toka a ƙofar ɗakin mijin don ta kama ɓarawon langa. Da asuba ta haska fitila ta ga sawu, shiga da fita, ƙafa ƙarama, ɗan yatsan hagu a karkace kamar yadda nata yake tun faɗuwar da ta yi tana yarinya, abin da ka riga ka ambata a shafi na 2. Saƙonta na ƙarshe bai wuce jimla biyu ba: "Yaya, abin ya kai inda ya kai. Har sawuna sun iya kwaikwaya."

Gargaɗi: "ashe mafarki ne" cin amanar mai karatu ne. Haka ma shigo da likita a shafin ƙarshe ya yi dogon bayani. Idan kuma labarinka ya taɓo wanda ya yi yunƙurin halaka kansa, kada ka bayyana hanya ko adadin abin da ya sha, domin a cikin masu karatu akwai wanda yake cikin wannan hali.

10. Gyara, gwaji da fitarwa

Ka ajiye daftarin mako guda ba ka duba ba. Bayan nan ka karanta shi sau uku: sau ɗaya kana gaskata duk abin da mai labari ya ce, sau ɗaya kana riƙe da littafin gaskiya kana bin kwanaki da makullai da lissafi, sau ɗaya kuma da murya a fili, domin kunne yana kama jimlar da Bahaushe ba zai faɗa ba. Duk saɓanin da ka tarar wanda ba kai ka dasa shi ba, ka cire shi. A irin wannan labari mai karatu yana ɗaukar kowane kuskure a matsayin alama, ya bi shi har ya ɓata.

Sai ka ba mutum uku da ba su san gaskiyar labarin ba, ka roƙe su abu ɗaya: su sa alama a layin da suka fara shakkar mai labari. In duka sun sa a shafin farko, ɓarakarka ta yi faɗi. In sun kai ƙarshe ba su sa ba, ta yi ƙunci. Wurin da nake so alamar ta faɗa shi ne tsakanin sulusin farko da tsakiya. In da hali, ka mayar wa ma'aikacin jinyar da ka tattauna da shi ya duba ko tafiyar ciwon ta yi daidai.

Wajen fitarwa, ko a rukunin WhatsApp ne, ko manhajojin karatu irin su Wattpad da ArewaBooks, ka sa sunanka da kwanan wata a kowane kashi, ka kuma adana daftarinka na takarda, saboda haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun daga lokacin da aka rubuta aikin, littattafan nan biyu kuwa su ne shaidarka idan wani ya kwafe. Ka rubuta layi ɗaya a sama kana sanar da cewa labarin ya taɓo rasuwa da lalurar ƙwaƙwalwa. Idan za ka raba shi kashi-kashi, ka yanke kowane kashi daidai bayan wata ɓaraka, ka bar masu karatu su kwana suna gardama. Za su biyo ka ta akwatin saƙo suna tambayar wanda yake wanke langar. Ka gode musu, ka ce su koma shafi na 2.